Hanyar zuwa Lamu da dawowa: jirgin sama, mota ko ruwa?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar duk wanda ya taɓa zuwa Lamu, tsibirin nan da ke arewacin gaɓar tekun Kenya. Mahaifina ya daɗe yana burin halartar Maulidin da ake yi a masallacin Riyadha, tun lokacin da wani abokin karatunsa ya ba shi labarin wurin, kuma bana Allah ya hore mini abin da zan kai shi. Shekarunsa sun haura 70, yana fama da ciwon gwiwa, amma yana tafiya da sandarsa ba tare da an riƙe shi ba. Mu uku ne za mu tashi daga Kano: shi da ni da ƙanena. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ake shiga garin, domin wani ya ce mini sai ta jirgin sama, wani ya ce akwai motar safa daga Mombasa, wani kuma ya ce jirgin ruwa ake hawa. Kuɗin da ke hannuna ba su da yawa, saboda haka ina son hanyar da za ta rage mini kashewa, amma ba na son in wahalar da tsoho. Don Allah wanda ya san hanyar ya yi mana bayani, da zuwa da kuma dawowa.

Hajiya Maman Ummi:
Wa alaikumus salam. Allah ya saka maka da alheri a kan wannan niyya, ya kuma ba Baba lafiyar tafiya. Na je Lamu sau biyu, kuma duk mutanen da suka ba ka labari gaskiya suka faɗa, sai dai kowa ya faɗi ɓangare guda ne. Garin a kan tsibiri yake, babu gadar da ta haɗa shi da tudu, kuma filin jirgin saman ma ba a kan tsibirin Lamu yake ba, yana kan wani tsibirin da ke fuskantarsa mai suna Manda. Ma'ana, ko ta sama ka zo ko ta ƙasa, ƙarshen tafiyarka a cikin kwale-kwale ne. Wanda ya zo a jirgin sama zai sauka a Manda, ya taka 'yar gajeriyar tafiya zuwa bakin ruwa, ya hau kwale-kwale mai inji na kamar minti 10 zuwa 15. Wanda ya zo a mota zai sauka a Mokowe, inda kwalta ta ƙare, shi ma ya tsallaka ta ruwa. Babban jirgin ruwa na fasinja mai tashi daga Mombasa zuwa Lamu kuwa babu shi, kada ka sa shi a lissafi. Sabuwar tashar jiragen ruwan da aka buɗe a yankin a 2021 ta manyan jiragen kaya ce, ba ta matafiya ba.

Daga Kano, hanyar da ta fi sauƙi ita ce Ethiopian Airlines zuwa Addis Ababa, daga can kuma kamfanin yana zuwa Nairobi, yana kuma zuwa Mombasa kai tsaye. Wanda yake Legas yana iya bin Kenya Airways zuwa Nairobi, tafiyar kamar awa 5. Idan kun sauka a Nairobi, ku lura da wani abu da yake rikita baƙi: filayen jirgi biyu ne a birnin. Jirgin da ya kawo ku daga waje a Jomo Kenyatta zai sauke ku, amma da yawa daga cikin ƙananan jiragen da ke zuwa Lamu, irin su Safarilink, daga filin Wilson suke tashi, kuma tsakanin filayen biyu sai an shiga mota an ratsa cunkoson gari. Jambojet kuwa daga Jomo Kenyatta yake tashi. Saboda haka kafin ka biya kuɗin tikiti ka duba sunan filin da kyau. Daga Nairobi zuwa Manda awa ɗaya da rabi ce ko kusa da haka, wani lokaci jirgin yakan ya da zango a Malindi.

Shawarata a taƙaice, da dattijo irin Baba, ku bi sama har Manda. Ku kuma rage kaya, domin ƙananan jiragen ba sa yarda da nauyin da jirgin ƙasa da ƙasa yake yarda da shi, wasunsu kilo 15 kawai suke ba mutum, abin da ya haura sai an biya.

Ɗan Damagaram:
Hajiya ta yi bayani mai kyau, amma ina da ja a kan shawararta ta ƙarshe, domin ɗan'uwanmu ya ce kuɗinsa ba su da yawa, kuma tikitin mutum uku zuwa da dawowa a lokacin Maulidi, lokacin da kowa yake rububin kujera, ba ƙaramin abu ba ne. Na yi shekara uku ina zaune a Mombasa, kuma duk zuwan da na yi Lamu a motar safa na yi shi. Motocin suna tashi da sassafe daga unguwar Bondeni, akwai na kamfanin Tawakal, akwai na Tahmeed da wasunsu, kuma ana iya yankar tikiti tun kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a zaɓi kujera. Nisan ya kai kilomita 340 ko kusa da haka. Motar za ta bi ta Mtwapa da Kilifi zuwa Malindi, wajen kilomita 120 daga Mombasa, inda takan tsaya a sauke wasu a ɗauki wasu. Daga nan ta haye kogin Sabaki, ta miƙa arewa har mararrabar Minjila kusa da Garsen, sannan ta karkata gabas ta tsallake kogin Tana, ta bi ta Witu da Hindi har Mokowe.

Waɗanda suka bi hanyar shekaru goma da suka wuce suna ba da labarin ƙura da gargada, kuma gaskiyarsu ne, domin a da daga Garsen zuwa Mokowe babu kwalta. Amma an shimfiɗa ta, an kuma buɗe ta a 2021, tafiyar da a da take cin yini guda cur yanzu takan ɗauki awa 6 zuwa 8, gwargwadon tsaye-tsayen hanya. Wanda ya saba Kano zuwa Abuja a mota, ko Damagaram zuwa Maraɗi da Ƙonni, wannan ba za ta ba shi tsoro ba. Kuɗin motar kuma bai kai rabin rabin na jirgi ba.

Akwai kuma abin da mai bin sama ba zai gani ba. Za ka ga gonakin kwakwa da kuka a gefen Kilifi, ka ga filayen da ake shanya ruwan teku a yi gishiri bayan Malindi, ka ga makiyayan Orma da fararen shanunsu a kwarin Tana, waɗanda duk wanda ya tashi cikin Fulani zai tsaya yana kallonsu. Idan kuma kun sauka a Nairobi ne ba Mombasa ba, akwai jirgin ƙasa na Madaraka Express da ya fara aiki a 2017, yana kai mutum Mombasa cikin awa 5 zuwa 6, da wurin zama mai kyau da banɗaki, sai ku kwana ku yi sammako zuwa Bondeni.

Hajiya Maman Ummi:
Malam, ban musa maka arahar mota ba, amma ka lissafa abin da ka jero. Jirgi daga Kano zuwa Addis Ababa, jira a can, wani jirgin zuwa Mombasa, kwana a masauki, tashi tun kafin asuba, sannan awa bakwai a zaune cikin mota, sannan kwale-kwale. Kai matashi ne lokacin da ka yi wannan. Mai ciwon gwiwa idan ya yi awa uku bai miƙe ƙafa ba, saukowa daga matakalar motar ma aiki ne, balle a shingayen bincike inda akan ce kowa ya sauko da jakarsa da takardar shaidarsa. Sannan kuɗin masauki da abinci na ƙarin kwanan da za a yi a Mombasa, zuwa da dawowa, na mutum uku, su ma a sa su a ma'auni kafin a ce mota ta fi araha. Ni a ganina idan za a yi tsimi, a yi shi a wurin masauki da tsaraba, kada a yi shi a jikin tsoho.

Bakatsine:
Ku yi mini afuwa in shigo da maganar da har yanzu ba a taɓo ba, alhali ita ce ta fi damuna. Ni ban taɓa zuwa ba, amma ina bin labaran yankin. Gundumar Lamu tana iyaka da Somaliya, kuma mayaƙan Al-Shabaab sun daɗe suna fakewa a dajin Boni. A watan Yunin 2014 sun kai hari garin Mpeketoni, wanda yake kusa da wannan hanya da ake magana, suka kashe mutane fiye da 60. A farkon Janairun 2020 sun buɗe wa motar fasinja wuta a kan hanyar, aka rasa rayuka, kuma bayan 'yan kwanaki suka kai hari sansanin soja na Manda Bay suka kashe Amurkawa uku. To idan har Manda ɗin da Hajiya take cewa a sauka ita ma an kai mata hari, ina amincin yake? Mu da muka san abin da hanyar Birnin Gwari da ta Jibiya suka zama, bai kamata mu ɗauki irin wannan magana da wasa ba.

Ɗan Damagaram:
Yaya Bakatsine, abin da ka kawo duk ya faru, kuma ba zan rage masa nauyi ba, amma akwai gyara guda. Sansanin Manda Bay da aka kai wa hari a kan tudu yake, can gefen da ke fuskantar dajin, ba shi ne filin jirgin fasinja da ke kan tsibirin Manda ba. Sunan ne ya zo ɗaya, shi ya sa mutane da yawa suke haɗa su. Su kansu ƙasashen Turai da suke gargaɗin 'yan ƙasarsu game da gundumar, sukan ware tsibirin Lamu da na Manda daga gargaɗin, su ce a je ta sama kada a bi ta mota. Wannan kuwa, in faɗi gaskiya, hujja ce ga Hajiya ba gare ni ba.

Game da hanyar mota, abin da na gani da idona shi ne, tun bayan harin 2014 aka hana motocin fasinja bin ta da dare, kuma akan tara motocin su tafi a ayari da rakiyar jami'an tsaro a yankin da ya fi hatsari, tsakanin kwarin Tana da Witu zuwa gaba. Wannan ne dalilin da ya sa duk motocin suke tashi da safe, kuma wanda ya makara ya rasa ayari sai gobe. Akwai shingaye da dama, kuma baƙo dole fasfonsa ya kasance a aljihunsa, ba a cikin akwatin da ke ƙarƙashin mota ba. Dubban mutanen yankin suna bin hanyar kullum domin ba su da wata, kuma akasarin ranaku lafiya ake zuwa lafiya ake dawowa. Amma ba zan ce wa mutum babu hatsari ba. Wani abin kuma da ya kamata in ambata tun farko shi ne ambaliya: a ƙarshen 2023 kogin Tana ya cika ya yanke hanyar a wajen Gamba, sai da aka riƙa tsallakar da mutane a kwale-kwale. Saboda haka duk wanda zai bi ta, ya tambayi mutanen Mombasa halin da ake ciki a makon da zai tafi, kada ya dogara da labarin bara, har da nawa.

Bayawuri:
Tunda kowa ya yarda cewa ba makawa sai an shiga ruwa, bari in yi magana a kan wannan, domin a bakin kogin Kwara na tashi, kuma mun binne mutane da yawa saboda sakacin da ake yi da jirgin ruwa. Na je Lamu sau ɗaya, ta Mokowe na shiga, ta Manda na fita, don haka na ga mashigun biyu.

A Mokowe, da zarar mota ta tsaya za ka ga matasa sun yanyame ta, wannan ya ja jakarka, wancan ya ce ga jirginsa. Kada ku saki kayanku sai kun ga jirgin da za ku hau kun kuma ji kuɗinsa. Iri biyu ne. Akwai babban jirgin katako na haya, wanda yake jira sai ya cika, yana tafiya a hankali, yakan yi kamar rabin awa, kuma shi ne mafi araha. Akwai kuma ƙaramin mai gudu, wanda yake isa cikin minti 10 ko ƙasa da haka, amma yana dukan ruwa yana tsalle, kuma mai ciwon gwiwa ko baya zai ji a jikinsa. Ga Baba, na katakon ya fi, ko kuma ku ɗauki shatar ƙaramin ku roƙi matuƙin ya tafi a hankali. Da harshensu na Swahili ana ce wa matuƙin nahodha, kuma idan ka ce masa pole pole ya san kana nufin sannu-sannu.

Abu biyu nake roƙonku. Na farko, ku nemi rigar kariya ku sa wa Baba kafin jirgin ya tashi, ko da sauran fasinjoji ba su sa ba, kuma idan kun ga an loda jirgi har bakinsa yana shafar ruwa, ku sauka ku jira na gaba. Na biyu, ku yi ƙoƙari ku tsallaka da rana. Ruwan da ke tsakanin Mokowe da Lamu da Manda a killace yake, tsibirai da dazukan bakin ruwa sun kare shi daga manyan igiyoyi, ba kamar tafiya tsibirin Pate ko na Kiwayu ba, wadda take fitar da mutum fili. Duk da haka teku ba kogi ba ce. Tana cikowa tana janyewa sau biyu a yini, kuma idan ta janye, matakalar da ake hawa daga jirgi zuwa kan dandamali takan yi tsawo, ƙasanta kuma da gansakuka mai santsi. A nan ne nake jin tsoro ga dattijo, ba a tsakiyar ruwa ba. Ɗayanku ya riga shi hawa ya miƙo hannu, ɗayan ya tsaya a bayansa, kaya kuma a bar wa 'yan dako.

Ku sani kuma iska biyu ce take mulkin wannan gaɓa. Daga Disamba zuwa Maris ana yin kaskazi, mai busowa daga arewa maso gabas, ruwa yakan kwanta. Daga wajen Afrilu zuwa Satumba kuma kusi ce, daga kudu, ita ce mai tayar da ruwa. A 'yan shekarun nan Rabi'ul Awwal yana faɗowa ne wajen Agusta da Satumba, wato kusi ba ta gama sauka ba, saboda haka idan wani ya yi muku tayin yawon buɗe ido zuwa tsibirai masu nisa a jirgin filafilai, ku bar Baba a masauki ko ku haƙura gaba ɗaya.

Malam Na Tudun Wada:
Allah ya yi muku albarka baki ɗaya. Ni na halarci wannan Maulidi, kuma ina da shekaru kusa da na mahaifin mai tambaya, don haka bari in faɗi abin da tsoho yake ji bayan an sauke shi a bakin ruwa, domin tafiya ba ta ƙare a nan ba. Lamu gari ne da ya haura shekara 700 ana zaune a cikinsa, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, kuma lungunansa sun fi na cikin birnin Kano ko Zariya matsi, wasu wuraren mutum biyu ba sa jerawa. Babu tasi, babu a-daidaita-sahu. Jakuna ne suke ɗaukar kaya da yashi da mutane, har asibitin jakuna akwai a bakin ruwa tun 1987, sai kura da ake turawa da hannu, sai 'yan babura da suka shigo daga baya suna bin bakin teku. Duk inda za ka, ƙafarka ce motarka.

Saboda haka zaɓen masauki yana cikin lissafin hanya. Masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh ya kafa, malamin da ya zo daga tsibiran Komoro ya rasu a Lamu a 1935, yana ɓangaren kudu na garin, wajen unguwar Langoni, an ɗan haura daga bakin ruwa. Ku nemi masauki a wannan ɓangaren ko kusa da tsohon ginin tsaro na Lamu Fort da ke tsakiyar gari, kada ku kama a ƙauyen Shela. Shela tana da kyau, can ne rairayin bakin teku mai tsawon kilomita 12 yake, can ne kuma Turawa suka fi sauka, amma tana da nisan kilomita 3 daga gari, ga dattijo kullum sai an shiga kwale-kwale zuwa da dawowa, wani lokaci ma sai an tattare wando an taka ruwa kafin a hau. Ku kuma tambayi mai masauki ko yana da ɗaki a ƙasa, domin tsofaffin gidajen dutse na garin benaye ne masu matakala a tsaye, ni kaina na sha wuya da su. Yawancin masu masauki idan ka gaya musu lokacin saukarka za su aiko da yaro da jirgi ya tarye ka a Manda ko Mokowe, wannan kuwa yana raba ka da ciniki da 'yan kamasho.

Taron yakan kasance a makon ƙarshe na Rabi'ul Awwal ne, ba ranar 12 ga wata ba, kuma mutane suna zuwa daga Mombasa da Zanzibar da Komoro da wasu wurare, gari ya cika maƙil. Ku tabbatar da ranakun kafin ku yanki tikiti, ku kuma isa da kwana biyu kafin a fara, Baba ya huta.

Sai wani abu da ya taɓa sa ni asarar mota. Waswahili suna fara ƙirga awa daga fitowar rana ne. Abin da muke kira ƙarfe 7 na safe su saa moja suke ce masa, wato awa ta ɗaya, ƙarfe 6 na safe kuma awa ta goma sha biyu ce a wurinsu. Idan mai sayar da tikiti ko matuƙin jirgi ya faɗa maka lokaci da baki, ka sa ya nuna maka a fuskar agogo ko ya rubuta. Kada kuma ku manta agogon Kenya yana gaban namu da awa 2.

Abban Sadiq:
Allah ya gafarta Malam, na gode ƙwarai, wannan bayani na masauki da matakala ban taɓa tunaninsa ba. Na gode wa Hajiya da sauran 'yan'uwa. Na zauna da ƙanena mun karanta duka, kuma zuciyata ta fi karkata ga mu sauka a Mombasa ta Addis Ababa, ni da Baba mu ƙarasa ta sama, shi kuma ƙanena, da yake matashi ne kuma yana son ganin ƙasa, ya bi mota da manyan jakunkuna, tunda an ce ƙananan jiragen ba sa ɗaukar nauyi. Shin akwai jirgi daga Mombasa zuwa Manda, ko dole sai an koma Nairobi? Sannan har yanzu ba a yi mini maganar dawowa ba, da kuma takardun shiga ƙasar.

Hajiya Maman Ummi:
Akwai jirage daga Mombasa zuwa Manda, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, daga Malindi kuma kamar rabin awa ce. Sai dai ba su da yawa a yini, kuma kamfanonin suna sauya jadawalinsu, don haka ka fara samun kujerar wannan ƙaramin jirgin kafin ka tsayar da ranar babban.

Dawowa ita ce inda na taɓa ƙonewa, shi ya sa nake son ka saurare ni da kyau. A zuwana na farko na shirya in bar Lamu da rana in kama jirgin gida a daren ranar. Jirgin da zai ɗauke mu daga Manda ya yi jinkirin awa huɗu, kafin in isa babban filin jirgi an rufe karɓar fasinja, kuma da yake tikitin biyu daban-daban na saye su, babu wanda ya ɗauki alhakina, sai da na biya tara na kuma kwana biyu ina jiran wani jirgin. Tun daga nan na ɗauki ƙa'ida: ranar barin Lamu daban, ranar barin Kenya daban. Ku kwana ɗaya a Mombasa a tsakani. Wannan ya fi zama dole a gare ku, domin bayan Maulidi kowa a rana ɗaya yake son fita, kuma ƙaninka da zai biyo mota ba shi da iko da lokacin da ayari zai tashi.

Ranar fita, ku bar masauki da wuri, ku sa lokacin neman kwale-kwale da tsallakawa a cikin lissafi, kada ku ƙirga daga bakin filin jirgi kamar yadda aka saba a Kano. Ku riƙe ƙananan kuɗi na shilin Kenya a hannu saboda matuƙa da 'yan dako. Akwai bankuna kaɗan a bakin ruwa, amma a lokacin taro layi yakan yi tsawo. Idan kun sayi layin waya na Safaricom da fasfo a filin jirgin Mombasa kuka buɗe M-Pesa, asusun biyan kuɗi ta waya, kusan komai za ku iya biya da shi, har kuɗin mota.

Takardu kuwa, tun Janairun 2024 Kenya ta maye gurbin biza da izinin shiga da ake nema ta intanet, sannan a 2025 ta ɗauke wa 'yan yawancin ƙasashen Afirka wannan sharaɗi. Duk da haka ka tambayi ofishin kamfanin jirgin a Kano abin da suke nema a ranar da za ka sayi tikiti, domin su ne za su hana ka hawa idan wani abu ya gaza. Katin rigakafin zazzaɓin shawara dole ne ga wanda ya fito daga Najeriya ko Nijar, ku ukun duka, kuma allurar sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki ga wanda bai taɓa yi ba. Game da Baba, saboda shekarunsa, a fara tuntuɓar likita kafin a yi masa.

Ɗan Damagaram:
Wannan rabon da kuka yi ya yi mini daidai, kuma na janye maganar sa Baba a mota. Ga ƙaninka sai in ƙara abu kaɗan. Ya yanki tikitin dawowa tun ranar da ya isa, ofisoshin motocin suna nan cikin garin Lamu, ba sai ya je Mokowe ba. Motocin dawowa da sassafe suke barin Mokowe, saboda haka zai tsallaka ruwa ne da asuba, kuma akwai jiragen haya da suke tashi daga bakin gari musamman domin fasinjojin motar, ya tambayi ofishin lokacin tashinsu. Ya zaɓi kujerar gaba ko ta tsakiya, ya riƙe ruwan sha da ɗan abin taɓawa, kuma kada ya ɗauki hoton jami'an tsaro ko shingayensu. Idan ya tashi daga Mombasa kwana ɗaya kafin ku, zai riga ku isa ya karɓi ɗaki, ya kuma zo Manda da jirgi ya tarye ku, ka ga an samu mai riƙe Baba ta sama da mai riƙe shi ta ƙasa a wurin matakalar da Bayawuri ya yi magana.

Abban Sadiq:
Haka za a yi in Allah ya yarda. Za mu kwana biyu a Mombasa da zuwa, ƙanena ya wuce a rana ta biyu, mu bi shi a ta uku, da dawowa kuma mu kwana ɗaya kamar yadda Hajiya ta ce. Gobe zan kai Baba asibiti a duba gwiwar a kuma yi maganar allurar. Malam Na Tudun Wada, idan ba damuwa zan tuntuɓe ka ta akwatin sirri game da masaukin da ka sauka a Langoni, domin in ji ko suna da ɗaki a ƙasa.